Idon Marsel na Hagu

Har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da wata Lahadi ba, cikin azumin shekarar 2002, watan Nuwamba, lokacin ina aiki a filin wasan ƙanƙara a nan Greensboro ta Amurka. Ku da kuka zo daga baya kuna cewa Isuhu ba shi da tausayi, wai da an ce a rufa wa wani asiri a wurin aiki sai in murtuke fuska. To ga dalilin, ku karanta ku shafa mini lafiya.

Ni mutumin Maradi ne. Aji biyar na yi a lakwal, makarantar boko ke nan, na gudu, don haka Faransancina na kasuwa ne, Turanci kuwa a nan na tsince shi a bakin titi. Ina zaune a High Point Road, wadda yanzu aka mayar Gate City Boulevard. Wani dattijo Bakano, Malam Lamin, shi ya sama mini aikin. Shi yana shara tsakanin kujerun 'yan kallo, ni aka sa ni cikin masu kula da ƙanƙara. Kullum sai ya tsokane ni, wai Banijare da bai san ƙanƙara ba sai ta leda a kasuwa, yau ga shi yana share ta da shebur kamar ya gada.

Ga wanda bai san wasan ba, sunansa hoki. Fili ne na ƙanƙara zalla, an kewaye shi da katako da gilashi. 'Yan wasa na sa takalmi mai wuƙa a ƙasa, suna bugun wani dunƙulen baƙar roba da sanda. Fak ake ce masa. Bai fi marfin kofi faɗi ba, amma daskararre ne, in ya sami mutum tamkar jifa da dutse. Wasa zango uku ne, kuma kowane zango ana canza gida. Gola shi ne mai tsayawa a bakin raga ya tare wannan dutse da jikinsa, da hular ƙarfe a fuska da katifu a ƙafa. A wajenmu akwai shef, wato shugabanmu, mai tuƙa motar gyaran ƙanƙara, sai mu huɗu masu shebur. Wurin tsayuwata shi ne babbar ƙofar da motar ke shiga, a kusurwa, bayan ragarmu ta hannun hagun gola. Zango na ɗaya da na uku golanmu na gabana, taku goma tsakaninmu.

Ƙungiyar ta ƙaramin rukuni ce, mataki biyu ƙasa da babban rukuni. Mutum iri biyu ke cikinta: samari masu hawa, da manya masu gangarowa. Golanmu Marsel yana cikin masu gangarowa. Ɗan Kanada ne, daga ɓangaren masu Faransanci, shekararsa talatin da biyu. Shekara goma sha ɗaya yana yawo, gari tara ya tsare wa gida. Sau ɗaya 'yan babban rukuni suka taɓa kiransa, ya zauna a benci wasa biyu, ƙafarsa ba ta taɓa ƙanƙara ba, aka maido shi. Hoton wannan zaman bencin na manne cikin lokarsa, kabad ɗin ajiye kayansa. Ranar da ya ji na zagi shebur da Faransanci ya kusa rungume ni. Daga nan muka saba. Shi kaɗai ne cikinsu ke kirana da sunana.

Cikin Oktoba sai na ga ya canza. Na miƙa masa hannu da safe ya wuce. Kwana biyu ya sake yi. Na uku na tare shi a lungun ɗakin kaya, na ce masa in baƙar fata ce ta fara damunsa ya faɗa mini, a garinmu ko maƙiyinka ya miƙo hannu kana karɓa. Ya tsaya yana kallona, ya tambaye ni ta wane gefe na miƙo. Na ce ta hagu. Sai ya ja ni ciki ya rufe ƙofa.

Ashe da bazara sanda ta same shi a ido wajen motsa jiki a garinsu. Idon hagu na ganin abin da ke gaba, amma gefe duhu ne, kamar an ja labule. Gwajin da likitan ƙungiya ya yi na karanta baƙaƙe ne a bango, ya karanta ya wuce.

“Isuhu, in aka sani na gama,” in ji shi. “Ban iya komai ba sai wannan. Ka bar ni in ƙarasa shekarar nan kawai.”

Mu an haife mu kan cewa wanda ya rufa asirin wani Allah zai rufa nasa. Babba ya buɗe maka cikinsa, ya roƙe ka, me za ka ce? Na ce ya kwantar da hankalinsa. Kuma ni da bakina na kawo dabarar, wannan ba zan ɗora wa kowa ba. Abin da ke kashe shi shi ne a miƙa fak ga wani da ya laɓaɓo ta hagu. Ni daga ƙofata ina ganin wannan gefen sarai. Muka shirya cewa duk lokacin da wani ya sulalo ta can, zan buga bakin shebur sau biyu a jikin sakatar ƙarfen ƙofa. Ƙarar ƙarfe daban take da dukan gilashin 'yan kallo. Da ya ji, sai ya zame hagu ko bai ga komai ba.

Abin ya yi aiki har ya ba ni tsoro. A gida Marsel ya zama bango. In sun fita wasan waje a zuba masa huɗu, biyar. Ni kuwa ina tafiya ƙirji a buɗe, ina jin ni ne idon mutum, kuma duk garin ba wanda ya sani sai ni da Allah.

Wasanninmu ƙarfe bakwai ake farawa, an riga an sha ruwa. Wannan Lahadin kaɗai aka sa ƙarfe uku na rana, kuma ban yi lissafin inda magariba za ta same ni ba. Ta same ni tsakiyar zango na uku. Muna gaba da ci biyu da ɗaya, wasa ya koma can gidansu. Malam Lamin ya leƙo daga ɗakin motar gyaran ƙanƙara yana ɗaga mini fulas.

“Banijare, rana ta faɗi. Hajiyata ta yi kunun gyaɗa. Ko sai ƙanƙarar ta ba ka izini?”

Taku goma sha biyar ne. Na jingine shebur na tafi. Na ci dabino ɗaya, na kurɓi kunu sau biyu. Na ji an busa usur, ban kula ba, ashe an fitar da ɗan wasanmu ɗaya na minti biyu, wasa ya dawo gidanmu. Sai na ji wata ƙara kamar an sari busasshen icce. Daga nan fili ya yi tsit. Mutum dubu biyu ko uku, ba mai tari.

Na fito da kofi a hannu. Marsel na kwance rub da ciki, ƙafafunsa na shure ƙanƙara. Wani ya sulalo ta hagu, aka miƙa masa, ya ɗirka da duk ƙarfinsa. Marsel bai juya ba, don haka fak ɗin ya shige ƙarƙashin hula ta gefe, ya same shi a maƙogwaro. Da aka cire hular bakinsa a buɗe yake yana neman iska, ba ta shiga. Ni na buɗe wa masu ɗaukar marasa lafiya ƙofa, ta gabana aka wuce da shi. Da na sa dabino ɗaya a aljihu, da ya ishe ni shan ruwa a bakin ƙofata.

Minti goma bayan haka shef ya ce in je in kankare bakin raga. Na kankare. Gola na biyu ya shiga, aka sa kiɗa, wasa ya ci gaba, wani yana ta tallan giya a saman kujeru. Ban san wa ya ci ba, har yau ban tambaya ba.

Litinin da safe na tafi biron koci, wato ofishin mai horar da ƙungiyar. Na riga na yanke cewa zan faɗi gaskiya ko da za a kore ni. Na same shi yana cin burodi yana kallon kaset ɗin wasan. Na tsaya na zayyana masa komai da guntun Turancina: idon, alkawarin, shebur. Bai ko daina tauna ba.

“Tun Oktoba muka sani,” in ji shi.

Na ce su wa.

“Ni, mataimakina, mai kula da kaya, yaran duka. Kana tsammanin mutum zai yi wata guda yana buga ƙarfe a bayan ragata ban tambayi dalili ba? Ai har na waje sun sani. Duba nan.”

Ya mayar da kaset baya ya nuna mini. Duk miƙawar da baƙin suka yi, hagu. Ba kuskure, hagu. Na tambaye shi don me suka bar shi yana shiga. Ya ce gola mai ido ɗaya da rabi da ke cin wasan gida ya fi yaron da ke benci, kuma wanda za a aiko musu daga sama sai Disamba. Masu ƙungiya a Irving Park, unguwar masu kuɗi, nasara suke tambaya, ba ido ba. Sannan ya ajiye burodin ya dube ni.

“Ni tambaya ɗaya gare ni. Ina ka tafi?”

Amma bai kore ni ba. Cewa ya yi in na fita in ɓamɓare sunan Marsel daga loka, sabon gola na tafe ranar Laraba, an hanzarta shi.

Da la'asar na je asibiti. Maƙogwaron ya tsage, an yi aiki, an sa masa bututu, ba magana. Da ya gan ni ya jawo takarda. Na zaci zai tambaye ni inda na tafi. Abin da ya rubuta shi ne sati shida zai dawo, kuma kada in faɗa wa kowa zancen ido. Har ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Na riƙe takardar ina kallon mutumin da duk rukuni ke harbin makantarsa, shi kuwa yana nan yana gadin asirinsa.

A baranda matarsa Selin ta tare ni. Ta yi mini godiya, ta ce kullum Marsel na zancena. Ta ce abin da ta kasa ganewa shi ne yadda bai ga fak ɗin ba, irin wannan ko cikin barci yana tarewa. Sai ta shiga zancen gida, kamar yadda mai ruɗewa ke yi, ta ce yanzu wa zai riƙa kai 'yarsu makaranta, shi ke tuƙa ta a mota kowace safiya daga McLeansville, can bayan gari.

Nan na gane: mai makantar gefe ke tuƙa yarinya kullum, uwarta ba ta sani ba. Koci ya sani, mai kula da kaya ya sani, abokan gaba sun sani. Mutum ɗaya ce duk garin ba ta sani ba, kuma ita kaɗai ce da ta sani za ta hana shi. Daga gare ta kaɗai na ɓoye asirin.

Na ce, “Madam, idonsa na hagu ba ya ganin gefe tun bazara. Na sani, na yi shiru.”

Ba ta zage ni ba. Ta dube ni kamar ta ga wani abu a ƙasan takalminta, ta wuce neman likita. Aka duba idon a ranar. Daga baya ita ta aiko mini da saƙo ta bakin mai kula da kaya, wai likita ya ce da an kawo shi da wuri da an ceto wani abu. Ta so in ji, kuma na ji. Ba a sake ba shi takardar wasa ba.

Bayan sati uku ya zo kwasar kayansa. Katifun ƙafa, hula, da hoton nan na benci, duk cikin jaka ɗaya. Sabon gola na cikin fili yana atisaye, koci bai fito daga biro ba. Na jira shi a bakin ƙofa. Na zaga da gangan na tsaya ta damansa, inda idon ke da lafiya, na miƙa hannu. Ya dubi hannun sosai. Ya gan shi. Ya gyara jakarsa ya wuce.

Malam Lamin ya ce ƙaddara ce, in daina cin kaina, shan ruwa ba laifi ba ne. Na ce na sani, Malam, ba kunun Hajiya ne ya kassara mutumin ba. Tun ranar da na ce masa ya kwantar da hankalinsa na gama da shi.

Na ƙara shekara biyu a filin kafin ƙungiyar ta watse, na ga gola biyar bayansa. Duk halinsu ɗaya: za su ba da haƙori, gwiwa, ido, don a bar su su tsaya a bakin ragar nan sati ɗaya kacal, kuma na samansu za su karɓa su ce madalla. A irin wannan sana'a shirunka ba mai ciwon yake yi wa amfani ba, masu cin moriyarsa yake yi wa. Shi ya sa yau in ɗayanku ya zo ya ce mini bayansa ya riƙe ko idonsa na hazo amma kada shef ya ji, nakan tambaye shi abu ɗaya: matarka ta sani? In bai faɗa mata ba, ni zan faɗa. In ya so ya ƙi gaisawa da ni. An taɓa ƙi, ban mutu ba.