Kawu da Layin da Na Ja a Bakin Rafi

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, da hantsi, Allah ya karɓi ran Kawu, dattijon ƙungiyarmu ta masu kiwon zuma, bayan jinyar kwana tara.

Kawu, tun ranar nake buɗe littafin da nake rubuta al'amurana na kullum, ina neman ka a ciki. Shekara uku ke nan da ka ɗora mini aikin neman rajistar sunan kwarinmu, don kada wani ya dafa sukari ya ɗura a kwalba ya ce zumarmu ce. Na ce maka iyakar karatuna sakandare. Ka ce ai ƙudan zuma ko firamare ba su yi ba, in ɗauki biro.

Ofishin rajista ya nemi taswirar yankin da zumar ke fitowa. Na zauna a teburin ɗakin taro da rula, na ja layi a bakin rafi, don nan ya fi sauƙin nunawa. Ban lura na zubar da gidaje sha ɗaya na tsallake ba, har da na matar marigayi maƙeri, wadda amya shida ce duk abin da ya bar mata. Da takardar ta tafi haka, da ba su da ikon sa sunan a kwalabensu.

Da ka ga taswirar, ba ka kunyata ni a taro ba. Washegari ka ce in raka ka, kana dogara sanda muka haye rafin. Ka ɗebo zumar can da ta nan, ka ce in lasa in bambanta. Na kasa. Ka nuna mini itatuwan, furensu iri ɗaya.

"Mai Biro," ka ce, "su ƙudan, wa ya nuna musu layinka?"

Sau huɗu na sake zanen, ina bin inda furen ya kai. Har yau ina shakkar kusurwar arewa.

Takardar amincewa ta iso kwana shida bayan rasuwarka. Sai da na karanta sau uku na yarda: gidajen tsallake duk suna ciki. Jiya matar maƙeri ta kawo kwalbarta ta farko, na manna mata tambarin da hannuna. Ya ɗan karkace, ta ce in bar shi haka.

Allah ya jiƙan ka, Kawu, ya yafe kurakuranka, ya sa Aljanna ce makomarka. Inna matar Kawu da 'ya'ya da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri. Mu kuma ya ba mu ikon riƙe sunan nan da gaskiya, mu da na tsallake.