Shanun Baba Masu Jin Turanci

Shanun Baba ba sa jin Hausa. Duk garinmu Taba an san wannan, wanda ya musa kuwa ya je ya tambayi waɗanda suka taɓa aronsu.

Baba malamin firamare ne, ya koyar a Kudan har kansa ya yi fari fat. Da ya yi ritaya sai ya sayi 'yan maruƙa biyu, ja da baƙi, ya hore su da kansa don huɗa. To a garinmu, in kana da shanun huɗa ba naka ba ne kai kaɗai. Ruwa na sauka za ka ji sallama, surukin wane, aminin wane, kowa da gonarsa. Baba kuwa akwai kawaici, bakinsa ba ya iya cewa a'a. Amma ya sha ganin yadda ake dawo da shanun aro, baya duk shatar tsumagiya, wuya a saluɓe. Sai ya yi dabara. Bai koya wa nasa "mu je" ko "tsaya" ba. Ya tsinto wasu kalmomin Turanci masu ban dariya, irin waɗanda Turawan ma sai suna raha suke faɗa, da su ya hore su.

In yana so su tashi, sai ya ce skedaddle. In suna gaggawa garma na tsalle, dilly-dally. In an kai bakin gona za a juya, hullabaloo. Tsayawa kuma gobbledygook. Mai aro ya ɗauke su, ya yi ta "haa! haa!" har muryarsa ta dishe, su ko kunne ba su kaɗa. Dole ya dawo ya ce, "Malam, shanun nan sun ƙi." Baba ya ɗauki malafarsa ya bi shi, ya yi masa huɗar da kansa, ba duka ba zagi. Kowa ya ji kalmomin a bakinsa, amma wane dattijo ne zai tsaya tsakar gona yana wannan gwaranci?

Ni ce na gaji allo da alli, ina koyar da Turanci a Ikara. In na zo hutu muna zama gindin mangwaro ya yi ta ba ni asalin kowace kalma, yana dariya tun kafin ya fara. Skedaddle arcewa ce, a bakin sojojin Amurka ta yi tashe lokacin yaƙin basasarsu, kuma har yau ba a tabbatar da inda suka samo ta ba. Dilly-dally jan ƙafa ne da shiririta, ninka kalmar aka yi kamar yadda muke cewa zirga-zirga. Gobbledygook kuwa kukan talo-talo aka kwaikwaya, wani ɗan siyasa ne ya gaji da dogon Turancin ma'aikatan ofis ya laƙa masa wannan suna. Wadda ya fi so ita ce hullabaloo, wato hayaniya. Ya ce wasu masana na ganin ƙarshenta daga waƙar renon jarirai ya fito. "Ki duba fa," in ji shi, "kalmar hayaniya, amma da lallashi a gindinta. Haka ake juya sa."

Daminar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, maganarsa ta ɗauke gaba ɗaya. Ido kawai. Ruwa ya zauna, kowa ya yi huɗa, gonar Baba na nan kwance. Ɗan wan mahaifina, wanda nake kira Yaya, ya ɗaura musu karkiya ya fita da su, suka tsaya ƙiƙam kamar an dasa su. Sai Baffa, wato wan Baba, ya yanke hukunci: shanun da ba sa aiki cin harawa kawai suke, ranar kasuwar Makarfi za a kai su. Har dillali ya zo ya shafa ƙugunsu. A waya Inna ta gaya mini. Ta ce tun da dillalin ya shigo Baba ya juya fuska bango, ko kunu ya ƙi karɓa.

Raina ya ɓaci, wallahi. Na hau mota da sassafe, ban ko tsaya karyawa ba.

Na durƙusa na gaida Baffa yadda ya kamata, gida, iyali, ruwa, mai jiki. Sannan na ce, "Baffa, a ba ni yau kaɗai. Zan sa su yi huɗa."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ke? Matar aure, malama guda, ki je gona kina ihu da wannan shirmen? Ubanki ma haƙuri muka yi da shi."

"Baffa, ka yi mini afuwa, ba shirme ba ne. Aiki yake yi."

"To in sun ƙi fa?"

"In sun ƙi, ni zan riƙe musu igiya har Makarfi."

Na san abin da nake faɗa, ba cika baki ba ne. Yaya ya kama garma, ni na ɗaure mayafina a ƙugu na tsaya gefen jan. Mutane sun taru a kan iyakar gona, wai sun zo ganin ikon Allah. Na ce skedaddle, tsaf yadda nake faɗa a aji. Shanun ko motsi ba su yi ba. Wani ya kece da dariya. Tabɗi! Ashe ni ce na kawo musu Turancin makaranta. Baba ba haka yake faɗa ba, yana jan tsakiyar ne ya saki ƙarshen kamar mai kiran kaji. Na ajiye malanta a gefe, na buɗe maƙogwaro na rera ta. Jan ya ɗaga kunne, baƙin ya sunkuyar da kai, garma ta nutse cikin ƙasa. Yaya ya kusa kifawa.

Daga nan sai aiki. Na yi ta bin su cikin taɓo ina ihu, zanena ya yi kaca-kaca, ban damu da kowa ba. Kafin azahar Yaya ya fara karɓa mini, yana jin nauyi yana faɗa ƙasa-ƙasa, har ya saki jiki. Masu dariya ma na ga leɓɓansu na motsi. A nan na gane na tona asirin da Baba ya rufe shekara da shekaru. Jin kunyar faɗar kalmomin ne ke tsare shanun, ga shi ya kau, yanzu kowa zai iya aronsu.

Da muka gama na riga su isa gida. Na durƙusa bakin gadonsa na gaya masa duka, har da tonon asirin. Ya dube ni. Sai ya ɗaga hannun mai lafiya ya nuna ƙofa. Ni da Inna muka tallabe shi zuwa bakin zaure, muka jingina shi da bango kusa da tabarmar Baffa.

Can sai ga su tafe, ƙafafu duk laka, suna sauri don sun ƙosa su kai turke. Baba ya buɗe baki. Jijiyar wuyansa ta miƙe, rabin fuskarsa na rawa. Abin da ya fito ba Turanci ba ne, ba Hausa ba, wani gurnani ne mai karyewa a tsakiya, kamar kukan talo-talo. Shanun suka ja birki nan take, suka juyo da kai suna nemansa.

Na fashe da kuka a gaban kowa. Baffa ya murza carbinsa. Sannan ya dubi Yaya ya ce ya je ya gaya wa dillali kada ya wahalar da kansa, ya kuma ce wa Inna ta ɗumamo wa Malam kununsa.