Shayin da ake sha a littafin Kawu Ishaku

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Kawu Ishaku, ƙanen Mama, wanda ya fi kowa shirga mini ƙarya a faɗin Peckham.

Kafin ya zo London, ya daɗe yana wanke-wanke a wani gidan abinci a Italiya. Ya taho da littattafai akwati guda, da wani Bature mai sanƙo, Enzo, wanda a gidanmu ake kira "mai ba shi haya". Da ciwon ƙoda ya kama Kawu, nakan raka shi asibiti a Camberwell. Inji na tace jininsa, shi kuma yana karanta mini labari daga wani littafinsa na Italiyanci, yana juya shi zuwa Hausa nan take.

Labarin wani saurayi ne, ɗan mai shara, mai ciwon da ba ya warkewa, yana jin kunyar takalminsa a gaban 'ya'yan masu kuɗi. Yana da aboki guda. Da zarar sun shiga ɗaki sun rufe ƙofa, sai Kawu ya yi gyaran murya, ya tsallake shafuka, ya ce, "Sai suka sha shayi." Shayin da samarin nan suka sha zai cika kogin Thames har ya yi ambaliya.

Bana na fara koyon Italiyanci a makaranta, na ɗauko littafin da ƙamus. Jama'a, ko buta babu a ciki! Soyayya ce tsakanin maza biyu, ɗaya na jinyar ɗaya, yana dafa masa abinci ba gishiri, dangi kuma suna yi kamar ba su gan shi ba. Da Kawu zai gan ni yau ina zufa a kan shafukan da ya tsallake, da ya yi dariya har nas ta kore mu.

Ni dai dariyata ta tsaya. Na tuna wanda ke dafa wa Kawu abinci: Enzo. Na tuna shi tsaye a ƙarshen coci ranar jana'iza, hula a hannu. Kowace shekara muna taron addu'a a gidanmu, ba a taɓa kiransa ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ban ga laifin Kawu ba. Amma littattafansa na ƙarƙashin gadona, rigunansa an rabar, wurin da Kawu ya fi saura shi ne zuciyar mutumin nan, yana can Dagenham shi kaɗai.

Na sami Mama a kicin, na ce bana ina so Enzo ya zo. Ta daɗe tana juya miya ba ta dube ni ba.

"Ke a ganinki sai an koyi Italiyanci ake sani?" Ta ajiye ludayi, ta share ido da bakin zane. "Ki tambaye shi ko yana cin yaji."