Hutun Auta da Injin Malam

Ku matso kusa ku ji, don abin da zan faɗa ba na ɗaga murya ba ne. Ni ba mai yawo ba ce. Duk layinmu an san in an neme ni ba a same ni a tsakar gida ba, to ina madafi. Amma sau ɗaya a rayuwata na yi abin nan da masu hali suke kira tafiya hutu da iyali, kuma shi nake so in ba ku labari.

A gidan haya muke, bakin Zawaciki, ta ɓangaren da ya kalli Challawa. In iska ta juyo daga kamfanonin fata, wani wari ne yake shigowa kamar an haɗa ruɓaɓɓen ƙwai da ƙonannen gashi. Ya shiga tuwo, ya shiga wankin da aka shanya. Kwatar bayan gida kuwa yau shuɗiya, gobe ja, jibi Allah kaɗai ya san launinta. Mu manya hanci ya saba. Autarmu ce ƙirjinta ya ƙi sabawa, tun tana goye take da asma. Ni karatu bai yi mini nisa ba, amma Allah ya ba ni kunne. Ina tuƙa tuwo zan ji numfashinta ya sauya daga cikin ɗaki, wani siririn fito kamar iska na bi ta cikin kara, kafin ma ita ta san ya taso.

Ana gab da ba yara dogon hutu na damina abin ya tsananta, muka kwana asibiti. Da za a sallame mu likitar ta ce, “Hajiya, magani dai ga shi. Amma ku fitar da yarinyar nan daga unguwarku ko na ɗan lokaci ne, huhunta ya huta.” Har na so in yi dariya. Hajiya, ni da ko Zariya ban taɓa zuwa ba.

Maigidana, Malam nake ce masa, a wani kamfanin buhu yake aiki a Sharada, kan injin saƙa. Ya yi shekaru a wurin amma har lokacin kazuwal ne, wato ranar da ka zo ita ce taka, babu hutun shekara, babu takardar ɗauka. Kullum da safe kuma ga mutane tsaitsaye a bakin get suna jiran a ce wani bai zo ba. To amma ma'aikatan suna da wata al'ada tsakaninsu. In tafiya ta kama mutum, rasuwa ko biki, sai ya kawo wani ya riƙe masa injin har ya dawo. Foman, wato mai kula da ma'aikata, yakan kau da kai, in dai inji bai tsaya ba. Riƙo suke cewa. Da wannan Malam ya ce zai samu ya raka mu, don ba zai sake ni da yara uku a hanya ba, ga mara lafiya. Ya ƙara da cewa, “Yaran nan ma ba su san fuskata da rana ba.”

Wata Juma'a bayan ya dawo daga masallaci muka baje tabarma, aka hau shawarar inda za a je. Babbar 'yarmu ta ce gidan zu, ta ji 'yan ajinsu suna labarin lilo da jimina.

“Gidan zu ai yini ne,” in ji Malam. “Ki gaisa da biri, magariba ta yi miki a cikin warin nan.”

Namijin ya ce Tiga, a ga ruwa. Na ce ba da ni ba. Yaron da ko a baho sai ya nemi nutsewa, shi zan kai bakin dam? Na kawo gidan yayata a Dakata, ni da kaina na janye, don tireloli a ƙofar gidanta suke kwana suna hayaƙi. An gudu ke nan ba a tsira ba.

Wuri biyu suka rage. Akwai goggona a Gwarzo, mota ɗaya ce, in wani abu ya taso a kamfani Malam zai iya sallar asuba a can ya kama aikin rana a Sharada. Sai dai ɗakinta ɗaya, kuma ƙosai take soyawa safe da yamma, da itace, a tsakar gidan da bai fi tabarma uku ba. Sai kuma ƙauyensu Malam, can bayan Haɗeja a bakin fadama, inda mahaifiyarsa take. Fili, iska, nono mai ɗumi. Amma da nisa, hanyar ta ƙasa ce, kuma waya ba ta kamawa.

“Baba, a ƙauyen akwai wuta?” in ji namijin.

“Akwai mana. Ta kara.”

Auta tana kwance a cinyata, da aka gama dariya sai ta tambaya ko akwai 'yan awaki ƙanana. Malam ya ce har da wanda zai ba ta nata. Ya dube ni, na dube shi. Na ce, “Malam, Gwarzo ta fi kusa da aikinka.” Ya ce, “Ta kuma fi kusa da hayaƙi. In za a yi abu a yi shi.” Ni ma a raina abin da nake so ke nan, ba zan ɓoye ba. Aka tsayar da ƙauye.

Akwai wata dattijuwa a gidanmu, Iya muke ce mata, mijinta ya ƙare ƙarfinsa a kamfanonin Bompai kafin ya rasu. Ina haɗa kaya ta leƙo da faifan wake a hannu.

“'Yar nan, wa zai riƙe masa?”

Na gaya mata. Wani magidanci ne mutumin Damagaram, sahu ɗaya suke sallah da Malam. Ya daɗe a kan irin injin a wani kamfani da aka rufe, yana zaune ba aiki, ga mata ga yara. Na ce, “An ce hannunsa kamar walƙiya, Iya.”

Ta ajiye faifan a ƙasa. “Gwani ya samo? Ke, ba a ba gwani riƙo. Mai riƙo, wanda ba zai ɓata ba ake nema, ba zai kuma burge ba. Marigayi in zai yi tafiya, wani mai nauyin jiki yake kaiwa, foman ya yi ta Allah-Allah ya dawo.”

Da Malam ya shigo na kai masa maganar yadda na ji ta. Ya zauna yana cire takalmi. Ya ce ya san da haka, kowa ya sani. Amma bara wani abokin aikinsu ya kawo ɗan koyo riƙo, zare ya tsinke, ɗan koyon ya kai hannu inji na gudu, yatsu suka tafi. “A gabana aka naɗe hannun da buhu. In kawo wanda bai iya ba don in tsare wurina, in dawo in tarar da haka, da wane ido zan dubi iyalinsa? Mutumin Damagaram ɗin nan kuwa Yaya yake ce mini. Ba zai ci amanata ba.” Na koma kan haɗa kaya.

Tafiyar ta ba mu wuya. Mota biyu, sannan bayan a-kori-kura tare da buhunan taki, ni ina ta salati duk ramin da muka faɗa. Amma da muka sauka, wallahi sai na ji kamar an cire mini toshiya daga hanci. Ƙanshin ƙasa da ta sha ruwa, gero ya kai gwiwa, kore ko'ina. Inna, surukata, ta karɓi Auta ta juya ta gaba da baya ta ce, “Wannan ai kaza ta fi ta nauyi. Me kuke ba ta a birnin, takarda?”

Kwanakin farko ba ni da abin da zan ce sai godiya. Yara suka bazu. Namijin ya koyi korar tsuntsu, babbar ta koyi tatsa tana ƙyanƙyami. Malam ya yi barcin rana a gindin tsamiya, baki buɗe, abin da ban taɓa gani ba tun aurenmu. Ƙarar inji ta sa in yana magana sai ya ɗaga murya bai sani ba, 'yan'uwansa suka samu abin tsokana. “Yaya, da mu kake ko da mutanen hayin kogi?” Wata safiya na farka gari ya yi haske, gabana ya faɗi, don ban ji komai ba. Na saba da fiton nan har shirun ya tsorata ni. Na kai hannu ƙirjinta. Yana hawa yana sauka a hankali, lafiya lau. Na daɗe a zaune hannuna a wurin. Ranar da yamma na gan ta tana bin ɗan akuyarta da gudu har bakin rijiya, ta dawo tana haki irin na kowane yaro.

Akwai wani tudu a bayan gari, wajen maƙabarta, nan kaɗai waya take kamawa. Malam yakan hau bayan la'asar ya ji labarin aiki. Sai aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwana da yini, bai samu hawa ba. Da aka ɗauke ya tafi. Daga sallamar da ya yi da ya dawo na san ba lafiya, don a hankali ya yi ta, shi da ba ya iya magana a hankali.

“Malam, me aka ce?”

Wani abokin aikinsa ne ya yi ta nemansa bai samu ba. Foman ya riƙa tsayawa a bayan mai riƙon yana kallo, har ya kira wani babba ya zo ya gani. Buhun da yake fitarwa ya fi na kowa a layin, kuma zare ba ya tsinke masa. Abokin ya ce in Malam yana son wurinsa ya kwana a Kano a ranar.

Ranar kuwa ruwa ya cinye kwalbatin da ya haɗa ƙauyen da titi. Babu motar da za ta shigo, masu babur ma sun ƙi. Ya je bakin ruwan ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, wando a naɗe. Inna tana cewa, “Ɗan nan, zauna, abin da yake naka ba ya wuce ka.” Ya ce, “To, Inna,” yana tsaye. Sai da ruwan ya ɗan ja aka samu mai kwalekwale ya tsallakar da shi. Ya bar mu a can, ya ce kada in taso da yara sai hanya ta gyaru.

Abin da ya faru a Sharada daga baya na ji, guntu-guntu, don Malam ba mai ba da labarin kunyarsa ba ne. Ya isa get, mai gadin da suka yi shekaru suna gaisawa ya ce ya jira a kira foman. Foman ya fito ya ce, “Ni ban san wani riƙo ba. Inji na sani, kuma inji yana da mutum.” Ba faɗa, ba zagi. Ya juya ya koma ciki.

Bayan mun dawo da 'yan kwanaki, mutumin Damagaram ya yi sallama a ƙofar gida. Ina daga bayan ƙyaure, duk na ji. Muryarsa daga ƙasa take fitowa, alamar a tsugune yake.

“Yaya, wallahi na gaya masa wurin ba nawa ba ne. Na ce gobe ba zan zo ba. Ya ce in na fita, daga bakin get zai ɗauko wani, ba kai ba. Ka faɗa mini yadda zan yi. In ka ce in bari, na bari.”

Malam ya gyara murya. Sannan na ji ya ce, “In ka bari, gida biyu ne ba abinci. Tashi ka je, kada ka makara.” Ya leƙo ya ce in kawo wa baƙo ruwa. Na kai, ban iya duban fuskarsa ba, shi ma bai dubi tawa ba. Na so in tsane shi, na nemi ta inda zan kama na rasa.

Yanzu Malam Dakata yake zuwa dakon kaya a bakin sito, ranar da aka samu mota. Wani lokaci ya zaga Bompai ya tsaya a get tare da sa'o'in ƙannensa, furfura a gemu. Bayansa ya fara ciwo, ina gasa masa da ruwan zafi. Ba mu tashi daga gidan ba, don warin ne ya sa hayar unguwar take da sauƙi. Fiton Auta ya dawo tun ba mu gama kwance kaya ba, sai dai ta yi ƙiba a wancan zuwan, kuma shekarar ba mu sake kwana asibiti ba. Wannan ma gaskiya ce, dole in faɗe ta.

Iya har gobe cewa take da Gwarzo muka je da yanzu yana kan injinsa. Malam bai taɓa cewa haka ba, ko sau ɗaya. Ga dogon hutu ya sake matsowa, Auta ta fara tambaya ko akuyarta ta haihu, ko bana ma za a je. Jiya ubanta ya ce mata, “Bana ai ko wata biyu kike so sai mu yi, babu mai nemana.” Ta yi tsalle tana murna, ni na shige madafi.

Ku da kuka fi ni karatu da sanin duniya, da ku ne a kan tabarmar nan ranar Juma'ar, yarinyar tana kwance a cinyarku, ina za ku ce a je?