Rabi'a 'Yar Musbahu Ƙuda

Rabi'a ba ta taɓa ganin mahaifinta yana dambe ba. Lokacin da aka haife ta a Karantina, unguwar baƙaƙen fata ta kudancin Jidda, Musbahu ya riga ya zama mai zaman gindin bango, hannunsa na rawa, maganarsa na fita a jaye kamar ta mai barci. Labarin dambensa a bakin tsofaffin unguwa ta ji shi, waɗanda suka yi dako tare da shi a Bur Sudan kafin su tsallako teku.

Sun ce yana goye iyayensa suka baro ƙasar Haɗeja a ƙafa da niyyar Hajji. Hanya ta ci shekaru, ta ci uban, uwar kuma ta yada zango a bakin teku ta kasa gaba. Nan Musbahu ya tashi, ɗan firit, ƙafafu kamar sillen kara, yana sauke buhuna daga jiragen ruwa. Ranar hutu ma'aikatan jiragen Turawa kan ɗaure igiya kusurwa huɗu, su sa safar hannu su dambata. Wata rana wani ya jawo shi ciki don a yi dariya. Ba a yi dariyar ba, domin wanda aka haɗa su ya gaji da naushin iska, shi kuwa Musbahu yana shiga yana fita yana zuba masa a haƙarƙari har ya durƙusa.

Ajin 'yan dambe mafi rashin nauyi shi ake ce wa nauyin ƙuda, daga nan sunan ya bi shi. Tsofaffin sun rantse cewa shekaru da dama babu mai girman jikinsa da ya kai shi ƙasa, daga Bur Sudan har birnin Adan. Da sa'o'insa suka ƙare, sai masu shirya wasa suka fara haɗa shi da waɗanda suka fi shi tsawo da ƙiba, saboda mutane na son ganin ƙaramin mutum yana tashi bayan an kayar da shi. Shi kuwa tashi yake yi. A wasansa na ƙarshe ya tashi har alƙali ya riƙe shi, da aka watse kuma aka same shi tsaye a bakin titi ya rasa hanyar gida.

Wannan Musbahun ne ya iso Jidda, ya yi aure da furfura, ya haifi Rabi'a. Ita ke kama hannunsa zuwa masallaci. Yakan tambaye ta ko an kira salla, ta ce an kira, kafin su kai ƙarshen lungu ya sake tambaya. Daga baya ya fara kiranta da sunan uwarsa. Ya rasu tana amarya, bai san wace ce mai ba shi ruwa a baki ba.

Rayuwarta ta bi ta sauran matan Karantina. Ta auri magini, ta yi tuyar waina a ƙofar gida, lokacin Hajji ta yi girki wa alhazai. Miji ya rasu. 'Yarta ɗaya, Mastura, ita ma ta rasa nata mijin, ta sake aure a Madina, ta bar mata ɗanta Rayan yana rarrafe. Rabi'a ce ta yaye shi, ita ta kai shi makaranta, tana kiransa mai gida irin na wasan kaka da jika, shi yana ce mata Sitti, wato kakata. Hausa yana ji sarai, amma in zai amsa rabi Larabci ne. Da aka zo rushe Karantina, shi ya ɗauki tukwanenta a ka ya loda a mota, suka koma ɗaki biyu a hawa na uku a unguwar Bani Malik.

Tun yana yaro mutanen unguwa ke ce masa ya ɗauko jikin Ƙuda sak, suna ba shi labarin Bur Sudan, ɓangaren mai daɗin ji. Ranar da ya shigo da safar dambe a jaka, Rabi'a ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ƙi ba shi tuwo. Bai fasa ba. Ta gaji ta koma dafa masa kaza ba mai, kamar yadda mai horar da shi, Kabtin Yahya, ya ce. Shi ma a nauyin ƙuda yake, kuma yana ci. Ya haura shekara ashirin da 'yan kai lokacin da babbar dama ta zo: wasa a gaban manyan wata ƙungiya, waɗanda suka ce in ya yi nasara za su ɗauke shi, su zama kafilinsa mai tsaya masa a wurin hukuma, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta huta da rawar da take yi kowace shekara.

Ana saura 'yan kwanaki a yi wasan ya dawo daga atisaye da la'asar, ya zauna a ƙasa bai cire takalmi ba.

"Sitti, Kabtin ya bugo?"

"Ba daga wurinsa kake ba?"

Ya yi 'yar dariya, ya ce haka ne. Ta miƙa masa ruwa ɗan kaɗan, domin yana rage nauyi, komai da awo yake sha. Ta juya tana yanka albasa, sai ta ji muryarsa a bayanta.

"Sitti, Kabtin ya bugo?"

Wuƙar ta tsaya a hannunta. Ba ta juyo nan take ba, sai da ta ajiye ta, ta goge hannu a zani.

"Mai gida, an buge ka a ka yau?"

"Dambe ne, Sitti. Kullum ana buga na."

"Ka faɗi?"

"Santsi ne. Na tashi nan da nan."

Washegari da safe ta ji shi yana amai a bayi, alhali babu komai a cikinsa. Ya fito yana kare ido daga hasken taga. Da zai fita, kafaɗarsa ta bugi ƙyauren da ya saba wucewa ko da ido rufe. Ta tare ƙofa ta ce su je asibiti. Ya ce yunwa ce da ƙishi, duk mai rage nauyi haka yake yi. Ta ce ba ta yarda ba.

"Halas, ya isa, Sitti! In na je asibiti suka rubuta, an gama da ni. Kin san shekarun da na yi ina jiran ranar nan?"

"Na san shekarun da na yi ina jan kakanka a hannu."

"Ni ba shi ba ne. Yanzu akwai likita, akwai doka."

"To mu je wurin likitan."

Ya ɗaga ta a hankali, kamar ya ɗauki matashin kai, ya ajiye ta gefe, ya sauka.

Ta kira Kabtin Yahya a waya. Mutum ne mai kirki, ya sha cin wainarta. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Hajiya, na ga faɗuwar, ba wata babba ba ce. Na tambaye shi, ya ce lafiya. Bayan awon nauyi zai ci ya sha, ki ga ya dawo daidai. In na ga wani abu, wallahi ni zan fara hana shi." Ta ji a muryarsa cewa ya yarda da abin da yake faɗa, kuma wannan ne ya fi tsorata ta, domin ita ma ba ta da tabbas. Wataƙila yunwar ce. Wataƙila tsohuwa ce kawai da ke ganin ubanta a fuskar kowa. In ta yi kuskure, ta karya wa yaron abin da ba za ta iya ɗora masa ba.

Ranar awo Rayan ya fita da sassafe. Ta leƙa ɗakinsa ta ga ya bar jakar takardunsa a kan gado, ta kira shi ta gaya masa. Ya dawo ya ɗauka. Bai jima ba ya sake hawowa yana haki, yana tambayar ko ta ga jakar takardunsa. Tana rataye a kafaɗarsa.

Yana sauka ta zura abaya. Gwiwoyinta sun daɗe da ƙin bene, amma ta sauka tana dafa bango, ta tare tasi.

A wani babban zauren wasanni ake awon. Mai gadi ya ce sai 'yan wasa da masu horarwa. Ta ce jikanta na ciki, ya ce ta jira a waje. Rana ta riga ta ɗaga, kwalta na turiri. Ta tsaya tana jin ana kiran sunaye ta lasifika, ana tafi. Sai ta ce masa, da Larabcin Jidda wanda ta fi shi iyawa, "Ɗana, likita nake nema, ba kallo ba. In wani abu ya faru gobe, zan ce na zo ƙofar nan ka hana ni." Ya dube ta, ya dubi cikin zauren, ya matsa gefe.

'Yan dambe na jere daga su sai gajeren wando, leɓuna a bushe, idanu sun faɗa. Rayan na kusa da gaba. A gefen sikeli wata mata mai farar riga na zaune a tebur, tana duba kowa kafin ya hau, an rubuta Daktora Areej a ƙirjinta. Kabtin Yahya ne ya fara hango Rabi'a. Ya taho da sauri, ya rage murya.

"Hajiya, don Allah. Ba a nan ba."

Ta wuce shi. Rayan ya juyo, suka haɗa ido. Kai kawai ya girgiza mata sau ɗaya, irin roƙon da yake mata yana ƙarami in ya yi laifi a gaban baƙi. Har ta tsaya. Aka kira sunansa, ya taka zuwa tebur, likita ta haska masa ido, ta tambaye shi ko yana da ciwon kai ko jiri, ya ce babu. Ta ɗauki biro.

"Daktora," in ji Rabi'a, muryarta ta fita da ƙarfi fiye da yadda ta so. "Ni kakarsa ce. An buge shi a ka ya faɗi. Yana amai, yana maimaita tambaya, haske na damunsa."

Zauren ya yi tsit daga kusa zuwa nesa. Abokin karawarsa ya sunkuyar da kai. Rayan ya ce da Larabci, da murmushin dole, tsohuwa ce, tana tsoron dambe tun asali. Likitar ta dubi Rabi'a. Ta ajiye biro, ta tambayi Kabtin ko da gaske ya faɗi. Kabtin ya ce e, ya faɗi. Ta faɗa wa Rayan wasu kalmomi ta ce ya riƙe, ta sa shi ya yi tafiya a kan layin da ke ƙasa, diddige na taɓa yatsa. Ya yi taku kaɗan daidai, sannan ya karkace, ya dafa tebur. Ta ce ya maimaita kalmomin. Ya buɗe baki, ya dubi rufin zauren.

"Ba zan sa hannu ba sai an ɗauki hoton kansa," in ji ta.

Rayan ya juyo wurin kakarsa. Da Hausa ya yi maganar, tsantsarta, abin da bai saba ba.

"Kin kashe ni, Sitti."

Hoton ya nuna ɗan jini ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kai. Ba a yi masa aiki ba, an kwantar da shi ana lura har jinin ya tsotse da kansa. Likitan asibitin ya ce da ya hau fage wataƙila da ya sauka lafiya, wataƙila kuma da ba a yi wannan maganar da shi ba, babu mai iya rantsewa. Rayan ya riƙe rabin farko na zancen. Ƙungiyar ta ɗauki wani. Da aka sallame shi bai koma Bani Malik ba, ya tare a ɗakin wani abokinsa a unguwar Kurayyat, ya kama aikin kai saƙo a babur. Mastura ta bugo daga Madina ta yi godiya tana kuka, ta ce zai huce. Watanni suka wuce bai huce ba. Rabi'a ta rage girki, ta koma dafa abin da ba zai kwana ba. Maƙwabta su ke hawo mata da tukunyar gas.

Wata Juma'a bayan an sauko ta ji ana taɓa ƙofa. Ya yi ƙiba kaɗan, fuskarsa ta cika. Ya gaishe ta a tsaye, sannan ya zauna a bakin kujera kamar baƙo. Ta zuba masa shinkafa, ya ci. Ya ce yana zuwa wurin Kabtin da yamma, yana riƙe wa wasu matashin naushi, shi ba a taɓa shi.

"Wata mai zuwa za su sake ɗaukar hoto," ya ce, idonsa a kan kwano. "In sun wanke ni, zan koma."

Ta tura masa kofin ruwa. A ƙasa wani mai mota na ta danna oda.

"In za ka koma, a gidan nan za ka riƙa kwana, inda zan gan ka safe da yamma."

"Don ki sake kai ƙara ta?"

"In na ga abin kaiwa."

Ya wanke hannu, ya ce zai yi tunani. Har yanzu bai kawo jakarsa ba, amma duk Juma'a yana zuwa, kuma ranar hoton ya ce ta shirya da wuri, tare za su je.