Kiɗan da na ce nawa ne

A shekara ta biyar da zuwana Faransa karatu ya tsaya mini, na koma ɗaukar kwali a wani babban sito a Vénissieux, gefen birnin Lyon. Ban gaya wa gida ba. Da safe in hau metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da yamma in dawo bene na sha ɗaya a Minguettes, bayana kamar an daka ni a turmi. A siton nan na haɗu da wani Bafaranshe mai tuƙa injin ɗaga kaya, dogo, gashi har kafaɗa, magana sai an matsa masa. Wata rana ya ji ina faɗin cewa na taɓa kaɗa jitar bas, mai kaurin murya, a makarantarmu a Damagaram, sai ya biyo ni bakin ƙofa ya ce ƙungiyarsu tana neman mai bas. Na ce wane irin kiɗa? Ya ce doom, sannu a hankali ake yinsa, kuma da nauyi. Na ce to an zo wurin, don a lokacin ba ni da ƙarfin yin komai da sauri.

Kiɗa ne na jitar lantarki da ake sassauta wa tsirkiya har ta riƙa gurnani. A buga sau ɗaya, a jira ƙarar ta mutu, a sake bugawa. Waƙoƙin kuwa daga kabari sai zunubi sai tashin duniya. Wasu samari huɗu ne suka fara shi a Ingila, shekara ashirin kafin mu, kuma duk wanda ya zo bayansu daga tukunyarsu ya ɗiba. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne kowace ƙungiya wuri guda take sata, kuma kowace tana kiran ƴar'uwarta ɓarauniya.

Mu uku ne. Abokina Bafaranshen nan mai jita, shi ke waƙa kuma shi ke tsara kiɗa. Sai ni. Sai mai ganga, wani gajere ma'aikacin gidan waya wanda ya haddace fayafayan Turawan Ingilan nan kamar karatun allo. Kowace Asabar da rana muna haɗuwa a wani gareji da muka liƙe bangonsa da kwalin ƙwai don kada maƙwabta su kira mana ƴan sanda. Abokina zai zo da sabon kiɗa, ya yi mako yana fama da shi, ya kaɗa mana kansa a ƙasa. Kafin ya kai ƙarshe mai ganga ya ɗaga sanda ya ce, "Faifai na uku, bayansa, waƙa ta biyu." Kuma gaskiyarsa ce kullum. Abokina ya yi ja har kunne, ya ce bai lura ba. Ni kuma ina da baki, ban taɓa barin irin wannan ta wuce ba.

Ana nan wata rana ina jera kwali sai wani kiɗa ya faɗo mini a ka. Gajere ne, ya hau, ya tsaya, ya gangaro kamar mai yin tambaya. Na yini ina gunguninsa. Ranar Asabar na kaɗa musu, a hankali, da dukan nauyin da bas ɗina ke da shi. Mai ganga ya ɗaga sanda, ya riƙe ta a sama, ya rufe ido yana bincike. Can ya sauke ya ce bai san wannan ba. Wallahi tun zuwana ƙasar nan ban ji daɗi irin na ranar ba. Digirin bai samu ba, aikin kirki bai samu ba, amma ga abu guda da ba na kowa ba ne sai ni.

Muka ɗauki waƙa biyar a kasat, huɗu na abokina ɗaya tawa, muka aika wa wata ƴar jarida da masoya kiɗan ke bugawa da injin kwafi a Paris. Da ta fito, marubucin ya ce huɗun an riga an ji su tuntuni daga bakin masu su, amma ta mai bas sabuwa ce. Na karanta musu a gareji da ƙarfi, har sau biyu. Abokina ya ce ai kowa daga wani ya koya. Na ce masa koyo daban, aku daban. Na ce shi aku ne mai dogon gashi. Mai ganga ya yi dariya har ya buga farantin ƙarfen da ke jikin gangarsa. Abokina bai yi ba. Ya naɗe wayar jitarsa a hankali, ya ce ya ba kansa zuwa ƙarshen sanyi, in bai fito da abu ɗaya nasa na kansa ba zai sayar da jitar. Shekara goma sha biyu yana kaɗa ta, kuma na san ban da ita ba shi da komai sai injin ɗaga kaya.

Cikin sanyin ne na tafi Paris kai kasat ashirin wani ƙaramin kanti da ya yarda ya ajiye mana. Da na gama na hau metiro layi na huɗu zuwa Château Rouge, unguwar da ake sayar da kayan cefanen Afirka, don ba na zuwa Paris in koma ba kuka da daddawa. Akwai wani Alhaji mahauci ɗan garinmu da nake gaisarwa. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi karatu, na ce ana nan ana yi. Ya ga ragowar kasat a jakata.

"Wa'azi ne?"

"A'a Alhaji, kiɗanmu ne."

"Kai ma makaɗi ka zama? To sa mana mu ji."

Na so in ƙi, amma ya riga ya goge hannu ya buɗe rediyon da ke saman firji. Waƙa ta farko ta fara, ya ce, "Subhanallahi, injin niƙa ne ya lalace?" Matan da ke layi suka yi ta dariya. Ya ci gaba da sara kafaɗar rago. Da aka zo tawa sai wuƙar ta tsaya.

"Maido baya," in ji shi.

Na maido. Ya karkata kai ya saurara. Sai ya juya wuƙar ya fara buga ƙotarta a kan katako, kiɗana ne sak, amma da sauri ninki uku. Ya washe baki, ya ɗaga murya a gaban kowa: "Sa ya faɗi, wa ke da hanji? Sa ya faɗi, wa ke da hanji?"

"Kai yaro, ina ka samo taken mahautan garinmu? Shi masu kalangu ke kaɗa mana ranar kasuwa in an kayar da sa. Amma me ya sa kuka ja shi haka kamar ana raka gawa?"

Take, kowa ya sani, kiɗa ne mai magana a ciki, kuma yana da masu shi. Hanyarmu ta zuwa makaranta ta bayan kwata take bi. Shekara shida ina wucewa nan da jaka a baya ina toshe hanci. Ban taɓa tsayawa na saurara ba, ashe ya shiga ya zauna. Abokina ya ɗora masa waƙar wata gawa da ke jiran hisabi, alhali rabon hanji ake yi. Alhaji ya yi murna ƙwarai, ya ƙara mini hanta kyauta, ya ce in bar masa kasat ɗin. Na fito na tsaya a bakin titi, na gaji gajiyar da ba ta sito ba.

A jirgin Lyon na shirya yadda zan faɗa. Magana ce ƙarama. In ce wa abokina ni ma aku ne, bambancin kawai mai ganga bai taɓa zuwa Damagaram ba. Na san zai yi dariya, na san kuma zai sami sauƙi.

Asabar ta zo. Ya shigo da sabon kiɗa, idonsa ya faɗa don rashin hutu. Ya kaɗa, kuma ya yi kyau, na rantse ya yi kyau. Mai ganga ya ɗan jira, don shi ma ya fara jin tausayinsa, sannan ya ce a hankali, "Faifai na huɗu." Abokina ya kashe lasifika. Ya zauna a kan akwatin jitar, ya dube ni, babu fushi ko kaɗan a fuskarsa.

"Gaya mini," in ji shi, "naka daga ina ya zo?"

Maganar tana bakina. Na dubi ƴar jaridar da na liƙa a bango da hannuna, na tuna kiɗan nan shi kaɗai ne abin da zan iya nunawa na shekara biyar.

Na ce, "Daga cikina."

Ya gyaɗa kai. Ya ce haka ya yi zato, shi a cikinsa babu kowa sai waɗancan mutane huɗu. Kafin wata ya ƙare ya sayar da jitar ga wani malamin makaranta a Lyon. Mun ƙara shekara biyu muna aiki a sito ɗaya, kullum yana ɗaga mini hannu daga kan injinsa, kuma in sabon ma'aikaci ya zo yakan nuna ni ya ce wancan da kuke gani makaɗi ne na gaske.