Anti Lantana da Tagwayen Ajinta

Shekara goma sha bakwai Anti Lantana ta yi tana koyar da 'yan shekara huɗu a wata makarantar naziri a Karu. Bazazzagiya ce, aure ya kawo ta Abuja. Takan ce yarinya in abu ya dame ta sai duniya ta ji, yaro kuwa sai kujera ta ji a jikinta.

Zangon da ba ta mantawa shi ne na wasu tagwaye, Hafizu da Mashkura, da aka yi musu ƙani. Kafin a fita tara, Mashkura ta shaida wa ajin kaf cewa jaririn ko haƙori ɗaya ba shi da shi, kuma Mami ta daina goya ta. Ta faɗa wa mai shara, ta faɗa wa Justice mai gadi, ta yi ta kuka a gwiwarsa har ya sallama mata gyaɗarsa. Kafin a tashi ta ware, tana ta tsalle.

Hafizu kuwa, ran Litinin ya ciji dastar goge allo. Ran Talata ya jefa takalmin Anti cikin durom ɗin ruwa, ta koma gida da silifas ɗin banɗaki. Duk tambayar da ta yi masa, amsar ɗaya ce, ba komai.

Washegari ta zo da motar roba mai taya uku da cokali. Ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta ce motarta ta mutu, garejin kanikawa na Apo kuma ya yi mata nisa. Ya karɓi cokalin ya kwanta rigingine kamar bakanike. Can, bai ko dube ta ba, ya yi magana.

"Anti, ana mayar da jariri asibiti?"

"Me ya yi maka?"

"Ya ƙwace min gado. Kuma ba ya gaisuwa."

Da ƙyar ta haɗiye dariyarta. Ta kira mahaifiyarsu, suka shirya aka naɗa shi sarkin safar jariri, ba mai sa wa yaron safa sai shi. Cizo ya tsaya.

Sabon zango ya kawo mata Perpetual, 'yar siririya mai kitso biyu, wadda ba ta kuka, ba ta kai ƙara. Wanda duk ya ɓata mata rai, sai ta kayar da shi ta zauna a kansa har ya ba da haƙuri. Maza uku ta zaune a makon farko.